Fedar Roba a Gaban Suruki

Ko da zan manta da duk bukukuwan da na yi kiɗa a rayuwata, akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Shi ne wanda muka yi a wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, can bayan Lolo, a cikin ƙasar Benin. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in wani matashi ya tare ni a Bagudo ya ce, "Yaya, fedar ga mai arha, in saye ko in haƙura?" sai dariya ta kama ni kafin in ba shi amsa, don ranar nan ce take faɗo mini.

Bari in fara da fedar kanta, don ba kowa ya san ta ba. Wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da lasifika, in ka taka shi da ƙafa sai muryar jitar ta sauya. Wata fedar tana sa sauti ya riƙa maimaita kansa kamar ka yi kira a bakin kogi, wata ta sa ya yi kauri, wata kuma ta sa ya yi gurnani. A lokacin mu uku ne muke kiɗan biki. Ni ke riƙe da jitar bes, mai babbar muryar nan da ake ji a ƙirji. Abokina shi ke da ƙaramar jita, shi ke jan waƙa. Sai wani dattijo mai kalangu da ya isa ya haife mu duka, wanda muke kira Kawu. Ni ɗan kabu-kabu ne, abokina manomin shinkafa, kiɗan na ranakun biki ne kawai.

Tawa fedar a kasuwar Malanbil na tsince ta, ranar da na kai wani fasinja. Tana cikin faranti ɗaya da tociloli da ƙananan rediyo, kuma mai kayan ma bai san aikinta ba, ya ɗauka wata irin caja ce. Ta roba ce, koriya shar, ba nauyi ko kaɗan, sunan da ke jikinta kuwa har yau ban ga wanda ya iya karanta shi ba. Aikinta ɗaya tak, maimaita sauti. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da halaye marasa kyau. In ka kunna ta sai ta riƙa wani huci "shhh" a ƙarƙashin kiɗa, tana cin batir kamar da gayya, kuma a makon farko maɓallin juya ta ya faɗi ya ɓata, na soka murfin biro a gurbinsa. Abokina da ya gan ta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya laƙaba mata suna gidan sabulu. Sunan ya bi ta, har Kawu mai kalangu in za mu tafi biki sai ya ce, "Ka ɗauko gidan sabulunka, ko yau ba wanka?"

Shi kuwa abokina ba ya wasa da kayan aiki. Sai da ya haɗa abin da ya samu a noman rani guda, ya aika aka sayo masa tasa daga Kwatano. Ta hannu ce, amma ta gaske. Ta ƙarfe ce, baƙa mai nauyi, da ɗan gilashi mai haske a goshinta, da maɓallai na ƙarfe a jere, kowanne da muryar da yake bayarwa, kuma da wutar lantarki take aiki. Ya haɗo da wani ɗan abu da ake maƙalawa a jikin jita ya aika sauti ba tare da waya ba. Ranar da ya fara gwada ta a zauren gidansu, sai da tsikar jikina ta tashi. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Na koma gida na kalli gidan sabuluna na ji kamar in jefa shi a rijiya, sai dai ni mutum ne mai riƙon abin da na saya da gumina.

To, abokin nan nawa yana neman wata mace, tela ce, 'yar wancan ƙauyen da na faɗa, tana kawo ɗinkinta Lolo ranar kasuwa. Sun daidaita, mahaifiyarta ma ta yarda. Matsalar mahaifinta ce. Dattijo ne mai shanu da gonakin shinkafa, ba shi da yawan magana, kuma ba ya faɗin abu sau biyu. Ba kiɗa ya tsana ba. Abin da ya faru shi ne ya taɓa ganin wasu makaɗan jita a wani taro suna tsalle, suna birgima a ƙasa, ɗaya har da ɗora jitar a bayan wuya. Tun daga ranar ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna da namijin da ke tsalle a gaban jama'a ba. Matarsa ta yi ta lallashi, har ya amince mu zo mu yi kiɗa a bikin ɗansa. Ya ce zai zauna ya ga sana'ar da idonsa, in an tashi zai ba da amsa, ko e ko a'a, kuma daga ita babu ƙari.

Ranar bikin muka ɗaure kaya a babura muka kama hanya da hantsi. Abokina ya sha aski, ya sa farin kaftani mai guga, kuma tun daga Bagudo har iyaka wa'azi yake mana. Kada wanda ya yi rawa. Kada wanda ya yi ihu. Kada Kawu ya yi irin barkwancin nan nasa. Da muka tsaya shan ruwa ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma don Allah ka ɓoye gidan sabulun ga bayan gwiwarka, kada Baba shi ɗauka wasan yara mukai." Na ce masa to, amma a raina na ji haushi.

Mun isa, aka yi azahar, aka kai mu ƙarƙashin wata babbar bishiyar mangwaro a ƙofar gidan. Mata sun riga sun yayyafa wa filin ruwa sosai saboda masu rawa, kamar yadda ake yi a ko'ina wajenmu, sannan aka shimfiɗa mana tabarmin kaba a kan danshin. Kafin mu gama jera kaya tabarmin sun tsotse ruwan. Janareton da aka hayo na wani mai cajin waya ne, ya sha duniya, wayoyinsa duk ɗauri ne da leda. Ba wanda ya damu, don da irinsa muka saba aiki. Sai ga yara sun fito da kujerar mai gida, suka dasa ta daidai gabanmu, kusa ƙwarai.

A nan ne al'ada ta shigo. A wajenmu ba ka tsayawa da takalmi a gaban suruki, balle wanda kake roƙon ya zama surukinka. Tun kafin dattijon ya fito, abokina ya tuɓe nasa ya baro su can gindin babur, ya tako tabarma da ƙafa tsirara. Ni wannan bai dame ni ba, don dama a kan akwatin lasifika nake zama in naɗe ƙafafuna, fedata tana gefen gwiwa ina danna ta da hannu. Ban taɓa yarda in taka ta ba, tsoro nake kada ta fashe.

Dattijon ya fito da sandarsa, dogo, siriri, da farar hula. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya zauna. Waƙar farko ta tafi lafiya, don abokina bai buƙaci taɓa fedarsa ba. Ya tsaya ƙyam, kai a sunkuye, yatsunsa kaɗai ke motsi. Na saci kallon mai gida na ga fuskarsa ba yabo ba fallasa. Can bayan zana kuma na hango telar tana leƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai aka zo kan waƙar da dominta aka shirya komai. Wani tsohon take ne na makiyaya, mai tafiya a hankali, wanda matar gidan ta aiko a asirce ta ce mijinta yana so tun yana saurayi. Abokina ya yi makonni yana koyonsa, kuma daɗinsa duka yana cikin maimaita sautin nan, kamar sarewa tana amsa kanta a daji. Ya ɗaga ƙafarsa ta dama cikin natsuwa, ya ɗora a kan maɓallin ƙarfe.

Ban taɓa sanin abokina ya iya tsalle haka ba. Sama ya yi gaba ɗayansa, kaftani ya buɗe, ya saki wata ƙara da ban san daga ina ta fito ba. Da zai sauko kuma diddigensa ya faɗa kan maɓallin da ke kusa, na gurnani. Nan take jitar ta ɓarke da ruri kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Awakin da ke ɗaure a gefe suka tsinke igiya. Mata kuwa suka ɗauka sabon salo ne daga Najeriya, suka rangaɗa guɗa, wata tsohuwa har ta taso za ta yi masa liƙi. Ni dai fuskar mai gida na duba, na ga girarsa ta haɗe.

Na sunkuya na ce a hankali, "Kai, mi af faru?"

Ya ce, bakinsa na rawa, "Wuta! Abin ga ja shikai, wallahi har cikin haƙorana."

Sai na gane. Ga ƙasa jiƙe, ga ƙafa ba takalmi, ga akwatin ƙarfe jone da janareto mai yoyon wuta. A duk bukukuwan da muka yi a baya da takalmin roba yake takawa, shi ya sa bai taɓa ji ba.

Na ce, "To sa takalminka mana."

Ya harare ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Gaban Baba? Kana da hankali kuwa?"

Jitar tana ta ruri, kuma ba yadda za a yi ta daina sai an sake taka wani maɓalli. Ya zaro hankicinsa ya yar a kan fedar. Abin da bai tuna ba shi ne hankicin ya jiƙe sharkaf da gumin da yake ta sharewa tun safe. Na ga ya cije leɓe, ya runtse ido, ya sake ɗora ƙafar. Wannan karon bai yi tsalle ba. Ina kallonsa jikinsa duka ya girgiza tun daga ƙafa har wuya, jijiyoyin goshinsa suka fito, hawaye ya cika masa ido, amma bai ɗaga daga inda yake ba. Sai dai ƙafar ta zame a kan hankicin, maɓallin bai shiga ba, rurin yana nan. A lokacin dariyar da ke cina ta ɗauke, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san irin son da yake yi wa matar nan.

Na waiga na ga dattijon ya fara tattara bakin rigarsa, hannunsa na laluben sanda. Kowa a wurin ya san in ya miƙe ya shiga gida, magana ta ƙare.

Na yi wa Kawu ido. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, bai tambayi komai ba. Ya matse kalangu a hammata ya taso gaba, ya shiga kirarin mai gida da babbar murya, yana ambaton garkensa da gonakinsa da kakannin da suka sari dajin wurin. Babu mai gidan da zai tashi ana tsakiyar yabon iyayensa, ko da ransa a ɓace yake. Dattijon ya saki sandar ya gyara zama, fuska a murtuke.

Ni kuwa na rage muryar lasifika, na kwanta rub da ciki a kan akwatin don kada ƙafata ta taɓa ƙasa, na miƙa hannu na kamo wayoyin ta wajen robarsu, na fizge su daga baƙar fedar. Na cire tawa daga jikin bes, na soka mata wayoyinsa, na tura ta gaban ƙafarsa. Ga ta nan koriya shar, da murfin biro a ka, a tsakiyar tabarma inda kowa ke gani.

Ya dube ta, ya dube ni. "Wagga?"

Na ce, "Taka, malam. Sabulu ba ya cizo."

Ya miƙa babban yatsansa ya ɗan taɓa ta kamar mai gwada ruwan zafi. Shiru. Ya sake taɓawa. Sannan ya taka a hankali, ɗan jan fitilarta ya kama, na mayar da murya. Hucin nan nata ya taso, "shhh", amma ƙarar janareto ta shanye shi, ba wanda ya ji sai ni da na san halinta. Kawu ya sauke kirari, ya koma baya, abokina ya ja numfashi ya fara taken.

Na sha jin yana kaɗa shi a zaure da fedarsa mai tsada, kuma in gaskiya za a bi, can ya fi tsabta. Amma ban taɓa jin ya shiga jikina kamar ranar ba. Kowane sauti ya fita sai ya dawo a hankali, ya sake dawowa, har ya narke. Masu guɗa suka yi tsit. Masu rawa suka tsaya inda suke. Na shigo da bes a ƙasa-ƙasa, Kawu yana taɓa kalangu da yatsu kawai. Abokina yana tsaye kamar an dasa shi, ƙafar da wuta ta ja tana ɗan karkarwa, shi kuwa ko gezau. Can na lura da yatsun dattijon suna bugun kan sandarsa a hankali, suna bin kiɗan, idonsa yana can wajen fadama inda shanunsa ke kiwo. Muka yi ta yi har aka kira la'asar.

Bayan an idar da salla, muna naɗe wayoyi, aka ce mai gida na kira. Ya dawo kujerarsa, janareto na ta aiki don masu cajin waya. Muka je muka durƙusa. Abokina ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji.

Dattijon ya ce, "Yaro, kiɗanka na da daɗi. Amma na ga tsalle da idona, kuma na ji ihu."

Kawu ne ya karɓa, ya ce, "Ranka shi daɗe, ba halinshi ba ne. Baƙin akwatin can ne ya ja shi da wuta."

Dattijon ya kalli baƙar fedar da ke yashe a kan tabarma, har lokacin wayar wutarta tana jone. Ya ce, "Ɗan abin ga? Ni da nike kama bijimi da hannu, za a ce min wannan na ɗaga namiji sama?" Ya miƙe ya nufe ta. Muka haɗa baki muna "Baba, a'a! Baba, don Allah!" amma na gaya muku mutum ne da ba a juya shi. Ya zare takalmansa, ya tako jiƙaƙƙiyar tabarma, ya ɗora ƙafa.

Salatin da ya saki sai da aka ji shi a cikin gida. Sanda ta yi gabas, hula ta yi yamma, shi kuma ya yi sama, kuma na rantse tsallensa ya fi na abokina. Wurin ya yi tsit, kowa ya kafe idonsa a ƙasa, ni ina cizon cikin kumatuna har na ji gishirin jini. Sai dariyar matarsa ta fashe daga bayan zana, irin dariyar da mutum ke yi har ya zauna a ƙasa. Daga nan ba wanda ya iya riƙewa.

Dattijon ya karɓi hularsa daga hannun Kawu, ya kaɗe ta, ya koma ya zauna yana murza tafin ƙafa. Da aka natsu ya dubi abokina.

"Sau nawa kat taka shi?"

"Sau biyu, Baba."

"Na biyun, ka san abin da ke ciki?"

"Na sani, Baba."

"Ina takalminka?"

Abokina ya nuna gindin babur da hannu, bai ɗago ba.

"Mi yah hana ka ɗauko su?"

Ya ce da ƙaramar murya, "Kana zaune, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya wajen Kawu ya ce, "Ku gaya ma manyanshi su taho." Ya ɗauki sandarsa, har ya kai ƙofa ya waiwayo ya nuna baƙar fedar da ita. "Amma wancan kada shi sake shigo min gida. In za shi zo, shi zo da koren."

A hanyar komawa abokina ya tsayar da babur a bakin gona ya rungume ni yana dariya yana hawaye, ya ce in faɗi duk abin da nake so a duniya. Na ce abu ɗaya ne, daga yau a daina ce wa fedata gidan sabulu. Ya yi alkawari, kuma bai cika ba ko na yini ɗaya.

An ɗaura auren bayan girbi, yanzu haka suna da 'ya'ya, babbar har ta fara taɓa keken ɗinkin uwarta. Koriyar fedar kuwa ba ta ga damina ta gaba ba. Maɓallinta ya shige ciki wata rana a Zagga ya ƙi fitowa, na sayi wata irinta, ita ma ta yi nata lokacin ta mutu. Baƙar tana nan har gobe tana aiki kamar sabuwa. Da muka kai ta wajen mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau, laifin na janareto ne. Ya kuma ja mana kunne cewa abin da muke wa dariya yana kashe mutum. Tun daga lokacin ba ma fara kiɗa sai mun kafa ƙarfe a ƙasa mun ɗaura masa waya daga janareto, kuma ba ma yarda a shimfiɗa mana tabarma a kan danshi.

Don haka in matashi ya tambaye ni ko feda mai arha ta cancanci saye, ba na ce masa ta fi mai tsada, don ƙarya ne. Za ta yi huci, za ta ci batir, kuma wata rana za ta mutu ba sallama. Ina ce masa ya saya in ita ce daidai ƙarfinsa, ya koyi halinta, ya fita kiɗa da ita yau maimakon ya zauna jiran wadda ba ta zo ba, kuma kada ya ji kunyar ajiye ta a gaban kowa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne kayan aiki ba a auna su a shago, sai a wurin da za ka tsaya da su, a gaban mutanen da za ka tsaya. Ta kuma koya mini abin da ya fi wannan. Fedata ta ceci kiɗan, amma ba ita ta sa dattijon ya ba da ɗiyarsa ba. Ya bayar ne don ya ga mutumin da ya san wuta za ta ja shi, ga takalminsa yana hangowa, ya zaɓi ya sake takawa da ƙafa tsirara don kada ya raina shi.